Idon Na'ura da Bangon Gari

Duk wanda ya ratsa Talata Mafara ranar kasuwa, ya miƙe hanyar Bakura ko ya karkata zuwa Maradun, muddin mai lura ne, zai tarar adon da ya saura a bainar jama'a iri biyu ne: zanen zaki da ɗawisu da masu fenti ke yi a jikin manyan motoci, da kuma hotunan 'yan siyasa waɗanda ake liƙa wani bisa wani har bango ya yi ɓawo. Amma zanen magina na da, wanda ake fitar da dagi da takobi a fuskar zaure tun laka tana ɗanya, siminti ya kusa kai shi kushewa, alhali kuwa sana'ar gini ce ta ɗaukaka sunan Babban Gwani Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya.

A wannan zamani na fitina, in aka zauna majalisa ana shawarar abin da ya kamata a kafa bisa bango, sai ka ji an ce kyamarar tsaro. Ba na musun fa'idarta a tasha da ƙofar kasuwa, inda ɓarawon babur ke fakewa da cunkoso. Sai dai wajibi ne mu tuna cewa a 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470, akasarinta rance daga ƙasar Sin, domin kafa irin waɗannan na'urori a Abuja da Legas, aka wayi gari sanduna na tsaye ba sa ganin kome, bashi kuwa yana wuyan talaka. Bayan haka, musibar da ta addabe mu ba ta jahiltar fuskar azzalumi ba ce. Waɗanda suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 ba aljanu ba ne. Manyan 'yan bindigar dajin nan an san sunayensu da mazauninsu, har su da kansu suke ɗaukar hotonsu suna watsawa a waya. Me kyamara za ta bayyana wanda manomin da ya biya haraji kafin ya girbe gonarsa bai sani ba? Ga kuma hatsarin tajassusi, wanda Alƙur'ani ya hana a Suratul Hujurat, matuƙar ba a fayyace wanda ke da ikon duba hotunan ba.

A nan ne nake ganin ra'ayin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya rasu a 2005, ya fi dacewa da halinmu, domin ya ƙare rayuwarsa yana nanata cewa a kafa magana bisa hujja, a tantance hujjar, sa'an nan a tuhumi mai mulki da ita ba tare da shakka ba. Kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin gaskiyar haka. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori bisa Gulbin Sakkwato, manoma suka rasa gonakin gado, suka nemi diyya, suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Shaidu ba su yi ƙaranci ba a ranar, dubban idanu sun gani. Abin da aka rasa shi ne alƙalin da zai karɓi shaida, har yau kuwa hukuma da jama'a ba su daidaita kan adadin mamatan ba.

Saboda haka, in da za a ji tawa, kafin a kashe dukiya kan idon na'ura, a gina bango guda a bakin Bakolori, ba gunki ba, tun da shari'a ba ta yarda da shi ba, a kira maginan gargajiya su ƙawata shi, alarammomi masu kyakkyawan hannu su rubuta sunayen mamatan da ajami da boko. Dattawan da suka san sunayen nan suna raye a ƙauyukan Maradun da Bakura, amma shekaru sun ja, kuma ɗaliban kwalejin Abdu Gusau za su iya bin su gida gida da alƙalami tun bana.