Faifan Da Ba A Gani Ba, Ba Lallai Ya Mutu Ba

Akwai wani shafi da ke tsinka zuciyar duk wanda ya zauna zuba wa kwamfuta sabuwar Windows. An tayar da na'ura daga filashi, an zaɓi harshe, an amince da sharuɗɗa, sai a iso inda ake tambayar wurin da za a girka manhajar. A nan ya kamata sunan faifan ajiya ya fito tare da girmansa. Sai a tarar da fili fetal, da ɗan rubutu a ƙasa mai cewa ba a sami wani faifai ba. Mai kwamfuta ya dubi mai gyara, mai gyara ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, faifan nan ya mutu, sai dai a sa wani."

A ganina wannan hukunci yakan zo da gaggawa, musamman a kan kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ƙera daga 2020 zuwa yau. Asararsa kuma ba ta tsaya ga kuɗin sabon faifai ba. Tsohon da aka cire aka jefa a aljihun tebur yana ɗauke da kundin digirin wani, ko lissafin shagon wata, ko hotunan mahaifin da ya rasu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke gudana daga filashi wata ƙaramar Windows ce, wadda aikinta kawai ta kwashe babbar ta shimfiɗa a kan faifai. Ba ta magana da faifan kai tsaye. Tsakaninsu akwai wani ɓangare na allon kwamfuta da ke kula da shige da ficen bayanai, kuma sai da 'yar manhajar da ake kira direba take fahimtar yarensa. Direba a nan tafinta ne. In babu shi, mai girkawa ya yi sallama a zaure, an amsa masa da harshen da ba ya ji, sai ya juya ya ce babu kowa a gidan.

Tun daga jerin na'urorin sarrafawa na ƙarni na 11 da Intel ya fitar a 2020, masu ƙera kwamfuta da dama suna sayar da ita da wani tsari mai suna VMD a kunne, wanda ke ƙarƙashin fasahar Intel da ake kira RST. Wannan tsari yana ɓoye faifan NVMe a bayansa, ta yadda sai mai direbansa ne zai gan shi. Manhajar girka Windows 10, da ta Windows 11 da ta fito a 2021, ba su zo da wannan direba ba. Windows ɗin da masana'anta ta zuba tana da shi, shi ya sa kwamfutar ta yi shekaru tana aiki lafiya. Ranar da aka zo sabuntawa daga filashi ne faifan ke "ɓacewa".

Wanda ya daɗe a harkar zai yi murmushi, don ya san tsohuwar cuta ce ta sake riga. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, faifan SATA ne ke ɓuya haka, sai an danna F6 an miƙa direba a kan fulofi. Windows 7 ma ba ta san NVMe ba, ba ta kuma san USB 3.0 ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana tuntuɓe a kan dutse ɗaya.

Tambayar farko a wurina guda ce: shin BIOS na ganin faifan? A sake kunna na'ura, a danna F2 ko Del ko F10 gwargwadon ƙirarta, a duba jerin abubuwan da ke maƙale. A wasu kwamfutocin sunan faifan yana cikin shafin RST ne, don haka a leƙa can kafin a yanke ƙauna. In sunan ya fito, to faifai na raye, magana ta koma kan tafinta. In bai fito ko'ina ba, sai a buɗe a duba ko ya zauna daidai a raminsa. A kuma tuna cewa ramin M.2 na da yaudara: faifan SATA da na NVMe kusan kamarsu ɗaya a ido, wani ramin yana karɓar duka biyun, wani kuwa ɗaya kawai. Sai an gwada faifan a wata na'ura ya ƙi tashi ne nake yarda a yi masa ta'aziyya.

In BIOS ya gan shi, hanya biyu ce. Ta farko, a sauko da direban RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a warware shi a cikin filashin, a danna maɓallin loda direba da ke shafin nan da ya tsorata mu, a nuna masa wurin. Nan take faifan ke bayyana da dukan sassansa. Ta biyu, a kashe VMD a BIOS, ko a sauya daga RAID zuwa AHCI a tsofaffin ƙira. Wannan ta fi sauri, kuma ga mai faifai ɗaya tak ban ga wani abin kirki da ya rasa ba, domin an gina tsarin ne musamman don haɗa faifai da yawa.

Sai dai hanya ta biyun na da rami. In akwai Windows a kan faifan da ake son ci gaba da amfani da ita, sauya wannan saiti kan sa ta ƙi tashi, ta fito da shuɗin allo. In kuma an kulle faifan da BitLocker, taɓa BIOS na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda mutane da yawa ba su ma san suna da shi ba. A nemo shi tukuna. Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shawarar da ta cika intanet, wai a buɗe diskpart a rubuta clean. Umurnin ba ya tambaya, share taswirar sassan faifan da aka zaɓa yake yi. In faifan ciki a ɓoye yake, abin da zai fito a jerin shi ne filashin da kake girkawa da shi, ko faifan wajen da ka adana kayanka a kai.

Ba na ɗora wa mai gyara laifin duka. Abin da allo ya faɗa masa ya maimaita. Za a ce ai saƙon Microsoft ya ambaci loda direba, kuma ba zai yiwu a cusa direban kowace na'ura ta duniya a filashi ɗaya ba. Gaskiya ne, amma wannan ba wata baƙuwar na'ura ba ce, kayan Intel ne da ke cikin manyan ƙirar kasuwa. Ko da ba a sa direban ba, ana iya faɗin gaskiyar lamarin. Ubuntu ta nuna hakan mai yiwuwa ne: tun fitowar 20.04, in manhajar girkawarta ta tarar da RST a kunne, sai ta tsaya ta kira shi da sunansa, ta ce a kashe shi, ta nuna inda za a karanta bayani. Wannan saƙo yana tura mutum BIOS. Wancan kuwa kasuwa yake tura shi.

Maganar ta ƙara nauyi a wurinmu yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a na ta sake girke-girke, kuma kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun fara kaiwa ga wancan ƙarni na 11. Duk mai shagon gyara ya kamata ya ajiye direban RST a filashinsa na aiki, kamar yadda yake ajiye sukudireba. Kai kuma mai kwamfuta, in an ce maka faifanka ya mutu, ka ce, "Malam, don Allah mu shiga BIOS mu gani tukuna." In har sai an canza, kada ka bar tsohon a shago. Akwai ɗan gidan da ake saka faifan M.2 a jona shi ta USB. Ka sayi wanda ya dace da irin naka, ka gwada shi a wata kwamfuta idan ka koma gida.