Wa ke auna ma'aunin mai gyara? Darasi daga Limawa

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Maganar ta yi daidai a kasuwar hatsi, inda mai saye kan dubi tiya ya gane an bubbuge gindinta. A teburin mai gyaran waya ko inbata kuwa, ido bai san kimar komai ba, domin ba a ganin lantarki. Abin da ake gani shi ne lambobin da ke fitowa a fuskar wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda masu sana'ar ke kira mita. A Limawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, kamar yadda yake a sauran unguwannin Jimeta, hukuncin wannan mita ne ke raba gardama: batir ya mutu ko da sauransa, a canza fanel ɗin waya ko a bar shi, laifin janareta ne ko na firji. Kuɗin magidanta na fita bisa wannan hukunci kullum, amma da wuya a ji wanda ya tambayi ranar da aka gwada ita mitar.

Tambayar ba ta masana kaɗai ba ce. Batirin sola mai volt 12 irin na dalma, idan ya cika ya huta, yakan nuna wajen volt 12.6, idan kuma ya sauka zuwa wajen 12.1 to rabin cajinsa ya tafi. Rabin volt ne kacal tsakanin cikakke da mai rabi, wato kuskuren kashi 4 cikin 100 ya isa ya sauya hukunci baki ɗaya. Yawancin mitoci masu araha kuma suna da wani hali da masu koyo ba su cika sani ba: idan ɗan batirin da ke cikinsu ya yi sanyi, sai su riƙa nuna lamba sama da gaskiya. Da irin wannan mita ana iya sayar wa mutum tsohon batir a matsayin lafiyayye, ba tare da mai sayarwa ya yi niyyar cuta ba. Tauye mudu ne, sai dai mai mudun ma bai san ya tauye ba.

Haka lamarin yake a wajen inbata. Masu araha daga cikinsu ba sa fitar da lantarki mai santsin kaɗawa irin na layin wuta, nasu a matakala-matakala yake tafiya. Mitar gama-gari an ƙera ta ne bisa zaton cewa duk wutar da za ta auna mai santsi ce, saboda haka tana iya nuna ƙasa da volt 200 a inbatar da ke bayar da 230 lafiya lau. Sai mai gyara ya buɗe na'urar da ba abin da ya same ta, ya shiga murɗe-murɗe, ya ɗaga wutar har ta ƙona kayan mai gida. Mitar da ke iya wannan awo ita ce wadda aka rubuta True RMS a jikinta, kuma ko wannan rubutu sai an gwada kafin a gaskata shi.

Yanayin Adamawa na ƙara wa matsalar nauyi. Kamfanonin da ke ƙera mitoci kan rubuta cewa alkawarin daidaiton da suka yi yana aiki ne tsakanin digiri 18 zuwa 28 na ma'aunin zafi, kuma galibi na shekara guda bayan saiti. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, shagon da aka rufa da kwano kuwa ya fi haka. Ƙurar hunturu na shiga cikin makunni, damshin damina a bakin Binuwai na cin bakin wayoyi. Na'urar da ta yi shekara biyar a wannan hali ba tare da an gwada ta ba, ba a ce lalle ta karkace ba, amma babu mai shaidar cewa tana kan daidai.

Akwai kuma batun rai. Ƙa'idar duniya ta IEC 61010 ta kasa na'urorin awo gida-gida bisa inda ya halatta a sa su: CAT II ta kayan da ake jonawa a soket, CAT III ta akwatin raba wuta na gini, CAT IV ta mashigar wuta daga waje. Mitar ƙwarai tana da fiyus mai iya datse wuta mai ƙarfi ba tare da ya fashe ba. Jabu kuwa tana ɗauke da tambarin a waje, a ciki siririn fiyus na gilashi ne, ko ma guntuwar wayar da wani ya liƙa bayan na asali ya ƙone. Ranar da yaron shago ya manta wayoyin a ramin auna ƙarfin kwarara ya sa su a layin wuta, wannan bambanci ne ke tsakanin ƙaramar asara da ƙunar fuska.

Wani sashe na maganin yana hannun masu sana'ar, kuma ba ya cin kuɗi. Gogaggen mai gyara kan haɗa bakin wayoyin biyu kafin ya fara aiki, ya ga ko lambar ta sauka kusa da sifili. Yakan gwada mita a wurin da ya san akwai wuta, ya auna inda yake tuhuma, sannan ya koma wurin farko ya tabbatar ba ta mutu a tsakani ba. Yakan canza batirinta da zarar alama ta fito, ya kuma kwatanta ta da ta maƙwabcinsa lokaci-lokaci. Sai dai mitoci biyu na iya yin ƙarya iri ɗaya. Dole a samu ta uku da aka gwada da wadda ta fi ta, ita ma an gwada ta da wadda ta fi ta, har a kai ga ma'aunin ƙasa. Ka'idar da aka saba bi ita ce na'urar da ake gwaji da ita ta fi wadda ake gwadawa daidaito kamar sau huɗu. A nan ne sarkar ke fita daga hannun mai shago ta shiga hannun hukuma.

Hukumar kuwa ta tarayya ce. Tsarin Mulkin 1999 ya sa awo da ma'auni cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Akwai sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke riƙe da cibiyar ma'aunin ƙasa da ke Enugu. Hukumar NEMSA na da tashoshin gwada mitocin wutar gida a wurare irin su Oshodi, Kaduna da Fatakwal. Ginshiƙan suna nan. Amma babu mai hankalin da zai ɗauki mitar shago daga Jimeta ya yi tafiyar yini guda zuwa Enugu, kuɗin motar kaɗai ya ninka kuɗin mitar.

Wannan ce ma hujjar masu ganin batun bai cancanci kulawa ba: idan saitin na'ura ya fi sayen sabuwa tsada, a jefar a sayi wata. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta manta cewa sabuwar ma ba a san gaskiyarta ba. Kuma ba kowace mita ce ke bukatar takardar shaida ba. Abin da ake bukata shi ne teburi guda a gari, mai ɗauke da na'urar ƙwarai da ake kai wa saiti duk shekara, tare da 'yan ma'aunan da aka san ƙimarsu, inda mai gyara zai zo ya kwatanta tasa cikin minti goma, a manna mata takarda mai kwanan wata. Yola ba ta rasa inda za a ajiye shi ba. Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta fara a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da tsangayar injiniya, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa a cikin gari. Ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu harhaɗa sola za su iya tsara ranakun zuwa, ɗalibai su yi aikin a ƙarƙashin malamansu, kowa ya ƙaru.

Aikin da ya rage na masu rubuta takardu ne a Abuja. Jami'in da ke tsara sayen kayan ɗakin gwaji, ko ta asusun TETFund ko ta kasafin ma'aikata, yana da ikon sa sharaɗi ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 cewa kowace na'urar awo ta zo da takardar saiti daga ɗakin gwajin da ya cika ƙa'idar ISO/IEC 17025, a kuma ware kuɗin sabunta saitin na shekarun da za su biyo baya. Sayen na'ura kan samu bikin yanke kyalle, saitinta ba ya samu, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga kasafi. Hukumar NBTE da asusun ITF, masu tsara horon sana'a, su ma za su iya sa gwajin ma'auni ya zama darasin farko ga mai koyo, kafin a miƙa masa ƙarfen liƙa dalma. Shirin tallafin da ke raba wa matasa akwatin kayan gyara kuwa, ya kamata wani ya buɗe mita ɗaya daga cikin waɗanda ɗan kwangila ya kawo, ya dubi fiyus ɗinta, kafin a sa hannu a takardar biya.

Ana ta kiran jama'a su koma ga sola, asibitoci da makarantun karkara na dogara da batura, kuma duk wannan dukiya makomarta tana hannun mai gyara da 'yar mitarsa. Ƙasar da ke aika jami'ai su gwada litar gidan mai da sikelin kasuwa ba ta da uzurin barin ma'aunin lantarki ba mai dubawa. Mai gyara a Limawa ya iya aikinsa. Abin da yake nema daga gwamnati shi ne wurin da zai je ya ji ko mitarsa na gaya masa gaskiya.