Kunshin Tsaraba da Alfarmar Rubutu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi, ko a Augie ko Argungu ko Birnin Kabi, ya san wata ɗabi'a ta dattawa. Idan tsoho yana tafiya ya hangi takarda a ƙasa da baƙaƙen Larabci a jikinta, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙura, ya soke ta a tsagar katanga ko ya kai gida ya ƙona. Ba ya tsayawa ya duba ko aya ce ko wasiƙar bashi ce da ajami, gudun kada sunan Allah ya shiga ƙarƙashin takalmi. Wannan ɗabi'a ita ce ma'aunin da ya kamata a auna wani sabon yayi da shi, wato buga alamomin addini da na gargajiya a jikin kwalaye da ledojin da ake kunshe kayan kyauta, musamman busassun furanni.

Da farko dai, miƙa fure don nuna ƙauna baƙon abu ne ga Bahaushe. Abin da ya gada shi ne goro da turare da lalle da dabino da tufafi. Amma ba za a ce bai san busasshen fure ba, domin kanumfarin da ake jefawa a kunu da yaji tohon fure ne da aka shanya, ana kawo shi daga Zanzibar da Indunusiya. Haka kuma zoɓorodo kofin furen yakuwa ne, wadda Sakkwatawa da Kabawa ke kira sure, kuma Nijeriya tana fitar da shi har ƙasar Meksiko. Sabon abin shi ne furen kallo, irin wardin da ake nomawa a Kenya da Ekwado da lardin Yunnan na ƙasar Sin. Ana zuƙe ruwan jikinsa, a maye gurbinsa da gilisarin da rini, sai ya shekara ko fiye bai yi yaushi ba. Irin wannan fure ya jure zafin bazara, saboda haka ya sami shiga cikin kayan lefe da goron Sallah na 'yan boko.

To, da yake hajar baƙuwa ce, sai ɗan kasuwa ya nemi rigar gida ya sa mata. Wani ya buga jinjirin wata da tauraro, wani hoton Ka'aba, wani Bisimilla da ruwan zinariya, wani ma aya sukutum. Hujjarsa ita ce neman albarka da jawo hankalin mai saye. Niyyar tana iya zama kyakkyawa, amma akwai tambayar da bai yi wa kansa ba: ina kwalin zai kwana bayan an cire furen? Amsar a fili take. Kwali dai makomarsa juji, ko a ba yara su yi mota da shi, ko mai ƙosai ta yage shi ta hura wuta, ledar kuwa iska ta kwashe ta zuwa kwata. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san marar alwala ba ya taɓa Alƙur'ani, balle a ce ayarsa ta kwana a magudanar ruwa.

Wannan matsala ta taɓa manyan kamfanonin duniya. A 1994, lokacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, kamfanin McDonald's a Ingila ya buga tutocin ƙasashe 24 da suka shiga gasar a jikin jakunkunan takarda na zuba abinci. Cikinsu akwai tutar Saudiyya mai ɗauke da kalmar shahada. Musulmi suka yi kuka cewa jakar nan kwandon shara za ta, ala tilas kamfanin ya janye ta. A 1997 kuma kamfanin Nike ya janye wasu takalma saboda zanen da ke jikinsu ya yi kama da sunan Allah. Waɗannan an iya yi masu uzuri da jahilci. Ɗan kasuwar da ya yi makarantar allo ba shi da wannan uzuri.

Mai musu zai ce ai ana rataya ayoyi a kantuna da falo ba wanda ya hana. Gaskiya ne, amma abin da aka rataya a bango an yi shi don ya zauna, kunshi kuwa an yi shi don a yage. Bugu da ƙari, malamai sun ja kunnen 'yan kasuwa a kan yawan rantsuwa don kaya su fita, cewa tana sayar da haja amma tana tafiyar da albarka. Wanda ya buga sunan Allah a kwali don ya ƙara wa fure kuɗi bai yi nisa da mai rantsuwar ba. Kuma kasuwa ta kowa ce. Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da Kiristoci masu yawa, musamman a ƙasar Zuru, kuma kuros ɗin da aka buga a leda shi ma tattaka shi za a yi. Mutuncin da ake nema wa alamar wani addini shi ya kamata a ba ta ɗayan.

Idan an ajiye aya a inda ya dace da ita, ɗan kasuwa bai rasa abin ado ba, don kuwa rumbun gargajiya cike yake. Akwai dagi, wanda magina da masu ɗinkin babbar riga suka daɗe suna zanawa, har Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauke shi tambari. Akwai askar riga da zanen ƙwarya da zanen lalle. Ƙasar Kabi kuma tana da nata na kanta: giwan ruwa da homa da gora da kwalekwale, waɗanda duniya ta san su ta hanyar bikin kamun kifi na Matan Fada. Bikin nan ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta tabbatar da zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Ke nan kifin da aka zana a kwalin tsaraba yana ɗauke da labarin sulhu, kuma in ya faɗi ƙasa ba wanda ya yi saɓo.

Sai dai a nan ma akwai hattara. Tambari da kakaki da alkyabba kayan fada ne, sunan Kanta kuwa, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, ya fi ƙarfin a liƙa shi a kowace leda ba da izini ba. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Idan aka ɗauki hoton faifan wata mata ta fadamar Augie, aka aika wata ƙasa aka buga shi a kwali dubu, an kwashe fasaharta ita kuwa ko sisi ba ta gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Mafita tana kusa. Maimakon hoton faifai a kwali, a sa furen cikin faifan kansa, ko adudu, ko ƙwarya mai zane, ko batta ta jar fatar Sakkwato. Irin wannan mazubi ba a yar da shi. Amarya za ta jera shi a ɗaki, ta zuba turare ko kwalli, kuɗin kuwa ya shiga hannun masaƙan kaba da dukawa da masu gyarta. Idan ana son saƙo, a rubuta gaisuwa da Hausa, barka da Sallah ko barka da arziki ko sannu da zuwa. Wanda ya ga lallai sai ya haɗa da addu'a, ya rubuta ta a kati dabam wanda za a adana, ya miƙa hannu da hannu.

A nan ne aikin sashen Hausa ya shigo. Ɗalibai suna rubuta kundaye a kan saƙa da dukanci da zanen gida, amma yawancinsu a kantar ɗakin karatu suke tsufa. Da za a bi kasuwanni da gidan tarihi na Kanta a Argungu a tattara zane-zanen nan, kowane da sunansa da ma'anarsa da wurin da ya halatta a sa shi, a fitar da ɗan littafi mai sauƙi, da madaba'a da mai kanti sun sami abin dubawa kafin su buga. Malaman addini kuma su taɓo zancen a huɗuba da majalisin karatu, tun yayin bai yi jijiya ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ciniki halal ne, ado ma ba laifi ba ne. Abin da ake roƙon ɗan kasuwa shi ne kafin ya kai zane madaba'a ya tuna da tsohon nan mai tsintar takarda a hanya, kada ya buga abin da zai sa shi sunkuyawa a bakin kowane juji.