Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Kyamararka Ce, Amma Kiɗan Sai da Izini

A shekarar 2005 kamfanin Sony ya fitar da wata ƙaramar kyamara mai suna Cyber-shot DSC-N1, wadda kusan duk bayanta allon taɓawa ne mai faɗin inci 3. Cikin abubuwan da aka tallata ta da su har da nunin hotuna bi da bi: ka taɓa allo, hotunan da ka ɗauka su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na tashi a ƙarƙashinsu. Samfuran da suka biyo baya, irin su DSC-T200 ta 2007, sun gaji wannan fasaha. Kyamarar kan zo da 'yan kaɗe-kaɗe na kamfani, guda 4 a samfuran farko, kuma littafin jagora ya yi alkawarin cewa kana iya musanya su da naka. Alkawarin gaskiya ne. Hanyar cika shi ce abin tuhuma.

Ga yadda ake yi. Ka shiga saitunan kyamara ka zaɓi wurin sauke kiɗa. Ka haɗa ta da kwamfuta da kebul ɗinta, wanda a yawancin waɗannan samfura bakinsa na Sony ne kaɗai. Ka buɗe wata manhaja mai suna Music Transfer, wadda ke cikin faifan CD da ya zo a kwali. Ita ce za ta karɓi fayil ɗin MP3 ko waƙar da ke kan faifai, ta zuba a ma'adanar kyamarar a madadin ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen asali. Gurabe ƙididdigaggu ne, tsawon kowace waƙa kuma ba ya wuce 'yan mintoci, don haka mai son ɗora doguwar waƙar Shata a kan hotunan bikin 'yarsa sai ya haƙura da gutsure. In kuma ka share kiɗan, manhajar nan dai ita ce hanyar dawo da na asali.

Yanzu a kwatanta da hanyar da hoto ke bi ya fita. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera kyamara a Japan suka amince da ƙa'ida guda ta tsara fayiloli, wadda ta haifar da foldar DCIM da kowa ya sani, har a wayoyin yau. Saboda wannan yarjejeniya, hoton da aka ɗauka shekara 20 da suka wuce yana buɗewa a kowace kwamfuta ba tare da neman alfarmar kowa ba. Ƙofar fita a buɗe take, ta kowa da kowa. Ƙofar shiga kuwa an sa mata maigadi, maigadin kuma yana tsufa. Faifan CD na ɓata, kwamfutocin hannu na yanzu ba su da ma wurin sa shi, tsarin kwamfuta na sauyawa. Apple, alal misali, ta daina karɓar manhajoji masu tsarin bit 32 tun 2019. Lasifikar kyamarar lafiya lau, allon na amsa yatsa, wurin sauke kiɗa na nan a jerin saituna. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko, ma'adanar cikin waɗannan kyamarori ƙarama ce, ƙwaƙwalwarsu kuma ba ta da ƙarfin na'urorin yau, don haka akwai hikima a bar wa kwamfuta aikin daidaita waƙa kafin ta shiga. Na biyu, a lokacin fasahar MP3 na ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ana biyan kuɗin lasisi a kanta, kuma shirin lasisin bai kawo ƙarshe ba sai 2017. Na uku, akwai fargabar satar waƙa. Na huɗu, in ji su, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kayan lantarki ba a yi su don su dawwama ba.

Hujjojin nan suna bayyana dalilin iyakance tsawon waƙa. Ba su bayyana dalilin kulle ƙofa ba. A waɗannan shekarun kasuwa cike take da ƙananan na'urorin sauraron MP3 masu araha, waɗanda kake jona wa kwamfuta ka ja fayil ka ajiye, shi ke nan. Da an so, da an ware folda guda a katin ajiya, a rubuta a littafin jagora irin fayil ɗin da kyamara ke karɓa da iyakar girmansa. Da an yi haka, da duk mai kwamfuta yau zai iya shirya kiɗansa da manhaja ta kyauta. Batun sata kuwa, waƙa 4 guntattaki da ke fita ta lasifika mai girman ƙwayar wake ba su taɓa zama barazana ga masana'antar kiɗa ba. Game da rariya, mai saye ya yarda batir zai mutu, allo zai dushe. Bai yarda cewa za a ɗaure wani sashe na kayansa da faifan da zai riga kayan mutuwa ba.

Kuma wannan ba tsautsayi ba ne na samfuri ɗaya, ɗabi'a ce. Kamfanin nan ya daɗe yana tilasta wa masu sayen na'urorinsa na kiɗa tsarin ATRAC da manhajar SonicStage kafin ya miƙa wuya ga MP3. Ya riƙe katinsa na Memory Stick har zuwa 2010, lokacin da ya buɗe kyamarorinsa na Cyber-shot ga katin SD da sauran duniya ke amfani da shi. A kowane karo kasuwa ce ta tilasta buɗe ƙofar, kuma a kowane karo waɗanda suka saya tun farko su aka bari a baya.

Wani zai ce me ya sa ake tada jijiyar wuya kan tsohuwar kyamara? Saboda ba ta mutu ba. A 2010 masana'antun Japan sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121. Zuwa 2023 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8. Miliyoyin da aka ƙera a zamanin ganiya suna nan suna yawo hannu zuwa hannu, matasa a Turai da Amurka ma sun dawo suna neman su. A kasuwanninmu kuwa kayan gwanjo ba sa zuwa da kwali, balle faifai da kebul. Duk tsarin da ya ɗauka cewa mai kaya shi ne mai saye na farko, mai riƙe da rasit da sabuwar kwamfuta, to ya cire mafi yawan mutanen duniya daga lissafi tun kafin kayan su bar masana'anta.

Abin da ya fi tada hankali shi ne maigadin bai yi ritaya ba, wurin zama ya sauya. Jiya faifan CD ne, yau manhajar waya ce da asusun intanet. Faifai ko ba komai kana iya aro wurin maƙwabci; manhajar da aka cire daga rumbu, ko na'urar kamfani da aka kashe, ba ta da aro. Tarayyar Turai ta fara taɓa matsalar: daga Disamba 2024 dole sababbin kyamarorin dijital da ake caji da kebul su zo da bakin USB-C. Wannan ya magance kebul, bai magance manhaja ba.

Ƙa'idar da ya kamata mu riƙe mai sauƙi ce. Duk aikin da aka rubuta a jikin kwali, ya kasance yana yiwuwa ta hanyar da kowa ya sani, da fayil da folda, ba tare da ɗan tsakani ba. In kamfani ya gaji da kula da manhajarsa, ya wallafa bayanin yadda take aiki, wasu su ci gaba. Kai kuma mai saye, ko na gida kake saya ko na ofis, kafin ka tambayi yawan megafiksel, tambayi wannan: ranar da kamfanin ya juya baya, me zai rage a hannuna yana aiki?