Guguwar Daniel: Yadda gargaɗin kwana uku ya kasa ceton Derna, da abin da hakan ke nufi ga Alƙahira

A ranar Litinin 11 ga Satumban 2023, lokacin da guguwar Daniel ta tsallaka iyakar Libya ta shiga Masar ta wajen Sallum da Marsa Matruh, ƙarfinta ya riga ya karye. Abin da ya rage mata iska ce da ƙura da ɗan ruwa. Ɓarnar ta auku ne a daren da ya gabata, a birnin Derna.

A Arba wa Nus, unguwa mai cunkoso da ke gabashin Alƙahira wadda ta samo sunanta daga alamar kilomita huɗu da rabi ta hanyar Suez, labarin bai zo a matsayin na nesa ba. Nan ne matsugunin dubban 'yan Sudan da sauran baƙi daga Afirka, kuma 'yan Sudan da Misirawa masu aikin ƙwadago na cikin baƙin da suka fi mutuwa a Derna. Ƙauye guda a lardin Beni Suef, wato Al-Sharif, ya rasa gomman matasansa.

Daniel ba ta zo a ɓoye ba. Tun farkon watan masana ke bin sawunta ta tauraron ɗan adam. Ta fara da Girka, inda a ranar 5 ga Satumba aka auna ruwan da ya haura milimita 700 cikin kwana ɗaya a Zagora. Daga nan ta gangaro kudu a hankali, tana zuƙar danshi daga ruwan Bahar Rum da ya yi ɗumi fiye da kima a bazarar shekarar, har ta ɗauki siffar guguwar yankuna masu zafi. Cibiyar hasashen yanayi ta Libya ta yi gargaɗi kwana uku kafin isowarta.

To, me ya faru? Hankalin hukumomi ya fi karkata ga bakin teku, aka kafa dokar hana fita, alhali ajalin yana tafe ta baya, daga duwatsu. An zuba ruwa milimita 414 a Al-Bayda cikin sa'o'i 24. Madatsun ruwa biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina kan kwarin Derna a shekarun 1970, waɗanda aka daɗe ba a gyara ba, suka fashe cikin dare mutane na barci. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba. Shugaban Hukumar Yanayi ta Duniya na lokacin, Petteri Taalas, ya ce da tsarin gargaɗi da kwashe jama'a na aiki yadda ya kamata, da an kauce wa mafi yawan mace-macen.

Alƙahira na da tazarar kusan kilomita 200 daga teku, kuma ruwan da take samu a shekara bai wuce milimita 25 ba. Wannan ƙarancin shi ne rauninta, domin an gina yawancin birnin ba tare da magudanan ruwan sama ba. A watan Maris na 2020, guguwar da Misirawa suka laƙaba wa suna Tinnin ta kashe kimanin mutum 20. Gwamnati ta ba da hutu tun kafin isowarta, matakin da ya rage asarar rayuka, amma a yankin Zarayib da ke kusa da Helwan ambaliya ta share gidajen talakawan da ke zaune a bakin kwari.

Arba wa Nus na da irin wannan rauni: gidaje masu hawa da aka gina ba bisa tsari ba, lunguna ƙuntatattu, da mazauna da dama waɗanda ba su da takardun zama, saboda haka ba sa gaggawar neman taimakon hukuma. Sanarwar Hukumar Yanayi ta Masar da Larabci take fita, kuma sabon baƙo sau da yawa a bakin maƙwabci ko a WhatsApp yake jin ta.

Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar ruwa irin na Derna har sau 50. Irin wannan guguwa ta fi tasowa ne tsakanin Satumba da Janairu.