Rabuwar Aure Saboda Ƙuntatawa: Abin Da Kotu Ke Dubawa

Matar da miji ya daka tana iya nuna wa alƙali tabo da takardar likita. Wadda kuwa aka ƙuntata wa da zagi, da gori, da ƙauracewa na watanni, ba ta da abin ɗagawa a gani. Wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana ci wa kotuna tuwo a ƙwarya.

A 1963 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta yanke shari'ar Gollins. Mijin bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Aiki ne ya ƙi yi, ya yi ta cin bashi, masu bashi suka addabi matar har lafiyarta ta taɓu. Alƙalai uku daga cikin biyar suka ce wannan zalunci ne, ko da bai yi nufin cutar da ita ba. Watau abin da ya sami wanda aka cuta shi ne ma'auni.

Dokar aure ta Nijeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista kaɗai, ta bi wata hanya. Dalili ɗaya ta sani na raba aure: ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Sashe na 15 ya lissafa hanyoyin tabbatar da haka, ciki har da halin da ba za a sa ran mai ƙara ya ci gaba da zama da shi ba. Auren Musulmi yana gaban kotunan Shari'a, inda mazhabar Malikiyya tun da can ta ba mace damar neman rabuwa saboda cutarwa.

To, sai maganar kuɗin ciyarwa. Mutane da yawa suna zaton diyya ce ta baƙin cikin da aka sha, amma ba haka doka ta ɗauke shi ba. Sashe na 70 ya umarci Babbar Kotu ta duba dukiyar kowannensu, da abin da zai iya samu, da halin da ya nuna. Har wanda aka yanke hukunci a kansa ana iya ba shi ciyarwa, mace ce ko namiji. Doka ba ta ƙayyade kaso ba, saboda haka nauyin yana wuyan alƙali da irin shaidar da aka kawo masa. A nan ne ma'auni ke karkacewa: albashin ma'aikacin gwamnati yana rubuce kowa na iya gani, amma ɗan kasuwa sau da yawa sai abin da ya ga dama ya bayyana wa kotu.