Akwati mai makulli uku

A shekarar 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa asusun matan karkara da aka sani da Mata Masu Dubara. Kowane mako mata su taru, kowace ta zuba abin da aka yanke, a ƙirga kuɗin a idon kowa, a rufe su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba, amma dabararsu ta bazu cikin ƙasashen Afirka da dama.

Abin kunya shi ne yadda masu digiri suka kasa abin da waɗannan mata suka iya. Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyin da ake kira ONG suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, daga Yamai har Damagaram. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta bukaci kowace ta kai tsarin mulkinta da sunayen shugabanninta gaban hukuma, kuma a takarda ba abin da ya ɓace: ga babban taro, ga kwamitin gudanarwa, ga ma'aji, ga mai binciken kuɗi. Sai an leƙa buro ake ganin gaskiya. Sau da yawa wanda ya kafa ƙungiyar shi ne shugaban kwamiti, shi ne darakta mai albashi, wato shi ke yi wa kansa hisabi. Ma'aji ƙanen matarsa ne. Mai binciken kuɗi abokin karatu ne da ya sa hannu sau ɗaya, ya manta. Makulli uku ne, amma duka cikin aljihu guda suke, tare da hatimi da makullin katkat.

Laifin ba na mai ƙungiya kaɗai ba ne. Akwai manyan mutane da ke ba da aron sunansu don a ƙawata takarda, su zo taron shekara, in an yi shi, su karɓi kuɗin zama, su tafa. In wani ya nemi ganin takardar banki sai a ce ya yi rashin kunya, ko yana hassada. Kunya ado ce a gidan surukai; a kan kuɗin rijiya da na abincin yara masu tamowa, cin amana ce. Masu ba da tallafi su ma suna da nasu kason, domin rasit da rahoto mai hotuna sun fi damunsu bisa sanin wa ke iya tsige darakta.

Ƙungiyoyin kirki suna nan, kuma su ne wake ɗaya ke ɓata wa gari.

A Disamban 2022, a Yamai, ƙasashen OHADA suka amince da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Madalla. Sai dai kundin lissafi ba ya karanta kansa. Yana bukatar kwamiti mai wa'adi, wanda ba dangin darakta ba, mai ikon naɗa shi da sauke shi, mai zama ya ƙirga kuɗi ko darakta ya so ko ya ƙi. A ƙauyukan Maraɗi, in mace ɗaya daga masu makulli ba ta zo ba, akwati ba ya buɗuwa ranar.